Sanda Mai Ɗigo Uku

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da duk masu shiga gidan snukar nan naki. Mu ma nan lafiya ƙalau. Matata tana gaishe ki, ta ce in tuna miki da babban kwanonta da kika ara tun bara.

Direba zai miƙa miki doguwar jaka tare da wannan takarda. Sandunan snuka uku ne a ciki. Kada ki jingina su da bango, kada ki bar su kusa da taga inda rana take bugawa, ki rataye su a tsaye. A gindin kowace na ɗiga farin fenti: ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, ɗigo uku. Ɗaya daga cikinsu irin ta Baba ce sak, yadda ya koya mini, yadda na shekara talatin ina yi. Sauran biyun fasalina ne, na rage kaurin gaba, na matsar da nauyi. Daga waje ba mai iya rabe su, kuma ba zan gaya miki wace ce wace ba, don na san bakinki.

Ga dalili. Kin tuna jan katakon nan da Baba ya ɗora a kan katakon rufin shago, ya ce kada a taɓa sai ya bushe har ciki? Guda shida ne. Biyar sun zama sanduna sun tafi, saura ɗaya, kuma sanda ɗaya tak zai fitar. Shekara ashirin da biyu yana kwance a can sama. Irinsa ba ya samuwa yanzu, na nema har na gaji. Ranar da na ɗora shi a inji na sa masa ƙarfe, shi ke nan, abin da ya fita ba ya komawa.

Ina so in yanka shi da fasalina, Auta, ba na Baba ba. Na gaji da jin "Kai, sandar nan ta yi kyau, kamar ta Tsoho." Gemuna ya yi fari fat, amma har yau a bakin mutane ni ɗan Tsoho ne mai kwaikwayon hannun ubansa. Kafin in yanka, ina so in tabbatar da wanne fasali ne ya fi, kuma ba wanda zai gaya mini sai masu wasa.

Na haɗo da takardu goma sha biyu, kowace da tambaya goma sha bakwai. Kowa ya buga wasa biyar da kowace sanda, sannan ya zauna ya cike takardarsa. Ba na son "babu laifi", ba na son "madalla". Ina son in ji inda nauyi ya zauna, yadda take zamewa a tsakanin yatsu, da ko farar ƙwallo tana kaucewa idan an buge ta a gefe.

Kada ki kira ni a waya kan wannan magana. Wayoyin yanzu ba a jin komai a cikinsu sai shuu. A rubuce nake so.

Ki gaida yara. Allah ya bar zumunci.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo, jaka ta iso lafiya, kuma mun gode da gaisuwa. Ka ce wa matarka kwanonta yana nan yana hutawa, ba abin da ya same shi.

Na rataye sandunan kamar yadda ka ce, na raba takardu. Goma sha biyu na bayar, takwas suka dawo. Cikin takwas ɗin ma ɗaya an goge alli da ita, ɗaya kuma Tela ya rubuta awon wandon wani a bayanta.

Bari in ba ka labarin yadda aka yi. Ka san Janar, tsohon nan da bai taɓa riƙe ko bindigar roba ba, amma ba mai cin sa a tebur tun zamanin marigayi maigidana. Shi ya fara shigowa. Ya ɗauki mai ɗigo biyu, ya shafa mata alli, ya share tebur kaf bai bar wa Direba ko bugu ɗaya ba. Sai ya ɗaga ta sama ya ce, "Jama'a, wannan ita ce sanda. Sauran biyun a kai su kicin a tuƙa abinci." Shi ke nan fa, Yaya. Duk wanda ya zo bayansa, kafin ya taɓa komai sai ya tambaya, "Wacce Janar ya ce?" Mutum bakwai cikin takwas mai ɗigo biyu suka zaɓa, kuma na rantse uku daga cikinsu ba su buga da sauran ba.

Tambayarka ta tara, wadda ka ce ina nauyi ya zauna, Direba ya rubuta "a hannu". Mai kemis ya rubuta "babu laifi" sau goma sha bakwai, da rubutu mai kyau kuwa. Tela ya dage cewa mai ɗigo uku ta fi sauran tsawo. Na karɓi tef ɗinsa na wuya na auna su a gabansa, duk ɗaya. Ya ce to tef ɗin ne ya motse. Wani kuma ya ce duk suna da kyau, amma a yi masa baƙa.

Na haɗo maka takardun ka gani da idonka, kada ka ce na ƙara gishiri.

Ni ma da safe kafin in buɗe, idan na gama share tebur, nakan ɗan taɓa su. Akwai abin da na lura da shi a mai ɗigo uku. In kana so, sai in faɗa.

Batun waya kuwa, tawa lafiyarta ƙalau. Na kira ka sau uku ranar Talata, matarka ta ce wayar tana gefenka a kan benci tana ta kuka.

A gaida mutanen gida. Allah ya ƙara haƙuri, don za ka buƙace shi idan ka buɗe takardun nan.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardun, kuma tun jiya kaina yake ciwo.

Wata huɗu na yi a kan sandunan nan. Na auna kowace a sikeli ya fi sau ashirin, na goge su da samfefa har yatsuna suka yi ja, don wani ya rubuta mini "a hannu"? Da a ƙafa zai ji nauyin? Wannan ai ba ra'ayin mutum takwas ba ne, ra'ayin Janar ne aka kwafa sau bakwai. Ke ma da laifinki. Ta yaya za ki bari ya fara, ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana shela?

Ga abin da za ki yi, kuma don Allah ki bi shi daki-daki. Ki samu tsumma da ɗan kananzir ki goge ɗigon duka. Ki sake ɗigawa, amma ki sauya: wadda take da ɗaya ki ba ta biyu, wadda take da biyu ki ba ta ɗaya. Mai uku ki mayar mata da ukunta. Ki rubuta a wani wuri ki ɓoye, don kada ke ma ki rikice. Kowa ya gwada shi kaɗai, ya cike takardarsa a gabanki, ya ninke ya ba ki kafin ya yi magana da kowa. Janar ya zo ƙarshe. In ya sake zaɓar wadda ya zaɓa da farko duk da an sauya mata ɗigo, to hannunsa ne ya yi magana, zan yarda. In kuma fenti ya bi, mun san matsayinsa.

Na sake buga takardu goma sha biyu. Na cire tambaya ta tara tunda ta fi ƙarfin Direba.

Batun abin da kika ce kin lura da shi, ki bar shi tukuna. Ba raini ba ne, amma masu wasa nake tambaya, waɗanda sanda take hannunsu kullum. Ke naki ki raba takarda ki karɓa, in kin yi wannan daidai kin gama mini komai.

Jiya na sauko da katakon na share masa ƙura, na mayar. Duk lokacin da na ɗaga kai na gan shi sai in ji kamar yana jirana ne.

Ki gaida yara. Na gode.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi duk abin da ka ce, daki-daki, tunda nawa ke nan.

Mutum tara suka gwada, kowa shi kaɗai. Uku suka zaɓi wannan, uku suka zaɓi waccan, uku suka zaɓi ta ukun. In akwai abin da ka gane a nan, ni ban gane ba.

Janar ya zo ƙarshe. Ya miƙa hannu kai tsaye ya ɗauki mai ɗigo biyu, wato wadda da take da ɗaya, wadda ya ce a kai kicin. Ya rufe ido ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya ce, "Ga ta nan. Ko a duhu aka ba ni zan gane ta, hannuna ba ya mantuwa." Ya buga da Mai kemis, Mai kemis ya ci shi sau biyu a jere, abin da bai taɓa faruwa ba tunda aka kafa teburin nan. Janar ya ce zanen tebur ne ya saki.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Sai Tela, wanda idonsa ba ya barin komai, ya ga farin fenti a gefen farcena. Ya ɗauki sandar ya shinshina gindinta, ya ce, "Kananzir! Janar, an sauya maka mata ba ka sani ba!" Ɗaki ya ɗauki dariya. Har Direba, wanda bai taɓa ɗaga murya a gaban Janar ba, sai da ya riƙe ciki.

Janar ya ajiye sandar a hankali, ya ɗauki tasa sandar a jaka, ya dube ni ya ce, "Shekara goma sha tara ina shiga gidan nan. Da maigidanki yana raye ba zai yi mini haka ba." Ya fita. Washegari mutum huɗu suka bi shi can gidan wasan da ke bayan tashar mota, har da waɗanda suka fi kowa dariya. Yau kwana biyar ke nan. Tebur uku gare ni, biyu suna rufe da zane, ni da fanka muke hira.

Ban faɗi wannan don ka ji tausayina ba. Na faɗa ne don ka san abin da gwajinka ya ci. Mutumin nan tsoho ne, abin da ya rage masa a duniya shi ne a ce hannunsa ya san sanda, ni kuma na kunyata shi a gaban sa'annin 'ya'yansa saboda kai ka ce. Raina a ɓace yake, da kai da kaina.

Ya ba Direba takarda ya kawo maka, ga ta nan a ciki. Ban buɗe ba.

A gaida gida.

Auta

*

Zuwa ga Mai Sanda, ɗan marigayi Tsoho,

Bayan gaisuwa irin ta mutunci da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni ne wanda ake kira Janar, wanda ka sa aka yi wa tarko da fenti.

Ina so ka sani cewa shekara arba'in ina riƙe sanda. Na yi wasa da mutanen da ko sunansu ba ka isa ka ji ba. Ba a gwada irina kamar yadda ake gwada ɓera da guba. Amma tunda na kwana biyar ina tunani, kuma ni mutum ne mai gaskiya ko da a kaina ne, bari in gaya maka abin da takardunka ba za su gaya maka ba.

Ɗan wasa bai san sanda ba. In ya ci, sanda ce mai kyau. In an ci shi, tebur ne ya karkace, ko fitila ta yi masa yawa, ko wani ya yi tari. Ka tambaye mu shekara goma, abin da za ka samu ke nan. Ni kaina ban san haka ba sai ranar nan, kuma ban ji daɗin yadda na sani ba.

Mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ba mu takarda ba. Sai dai ya zo da sanda a hammata ya ajiye a tebur ya ce, "Ku buga, an riga an saurare ta." Mu kuma mu buga, ba mu taɓa samun matsala ba. Ba mu taɓa tambayarsa wa ya saurara ba, mun ɗauka salon maganarsa ne.

Ba ni da abin da zan ƙara. Ƙanwarka mace ce ta kirki, na san ba ra'ayinta ba ne.

Naka cikin girmamawa,
Janar

Ƙari: mai ɗigo biyun nan, ta ainihi, ko wace ce a cikinsu, in ba ka da abin yi da ita ina so.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Na ga taki, na ga ta Janar.

Abin da ya faru da gidanki bai yi mini daɗi ba, ban nufi haka ba. Ki ba Janar mai ɗigo biyu ta ainihi, ki ce in ji ni. In yana so in rubuta masa haƙuri zan rubuta, ko da yake ban ga laifina a cewa mutum bai san abin da yake riƙe da shi ba.

Amma ni na gama. Sati biyar, takarda ashirin da huɗu, kuma ban san komai ba fiye da ranar da na fara. Uku, uku, uku! Da na jefa takalmi sama na ga inda ya faɗa da na fi samun amsa. Na tambayi masu wasa, babban cikinsu ya rubuto da hannunsa cewa ba su san komai ba. To wa ya rage? Ni.

Yanzu zan gaya miki. Mai ɗigo ɗaya ta farko ita ce ta Baba. Mai biyu tawa ce, amma tsoro-tsoro na yi ta, kusan tasa ce. Mai ɗigo uku ita ce tawa ta gaskiya, ita nake so tun farko. Kafin in aiko miki na mirgina ta a tebur, miƙe take kamar zare. Na auna ta, na ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa daga baki har gindi, ban ji komai ba. Batun "an saurare ta" da Janar yake yi, surutun tsofaffi ne. Ni ina shagon nan tare da Baba har ranar da ya kwanta, shi da kansa yake duba sandunansa.

Ranar Alhamis da safe zan ɗora jan katakon a inji, in yanka shi a fasalin mai ɗigo uku. Wanda zai ce kamar ta Tsoho ya nemi wata maganar.

Ki maido mini da sauran biyun idan Direba zai taso. Allah ya maido miki da mutanenki.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa a gurguje, Direba yana tsaye a ƙofa, na roƙe shi ya kawo maka wannan yau Laraba ko da ba shi da fasinja. Don girman Allah kada ka yanka katakon nan gobe.

Ka ce in yi shiru na yi, amma yanzu ko ka so ko ka ƙi sai na faɗa. Mai ɗigo uku tana tari. Sanda mai lafiya idan ta bugi ƙwallo sai ta ce tak, ta yi shiru. Taka tana cewa tak, sannan wani ɗan zzz ya biyo baya, kamar ƙuda a cikin kwalba. Daga mahaɗi yake fitowa, inda gaba da gindi suke ɗaurewa. Ba kullum ba, sai an buga da ƙarfi a gefen ƙwallo. Masu wasa ba sa ji, don ɗaki cike yake da surutu da fanka, kuma hankalinsu yana kan rami. Ni da safe nake bugawa, ba kowa. Kuma ba ita kaɗai ba ce, duka ukun suna yi, har ta Baba. A mai uku ne ya fi fitowa don ta fi siriri. Ban san dalili ba, wannan aikinka ne.

Ka ce ka ƙwanƙwasa ba ka ji komai ba. Na yarda ba ka ji ba. Yaya, kunnenka ya tafi. Kowa ya sani, ba wanda yake da ƙarfin halin gaya maka. Ba waya ce take shuu ba. Zuwanka na ƙarshe, kofi ya faɗi a bayanka ya fashe, yara suka zabura har ƙaramin ya yi kuka, kai kana ta ba ni labarin samfefa. Shekara talatin kanka yana jikin injin nan.

Kuma ba kai ne na farko ba. Ka tuna 'yar kujerar nan ta ƙarƙashin taga, inda nake zama in na dawo daga makaranta? Ka tuna Baba yana buga ƙwallo a guntun teburin nan na gwaji, ya juyo ya ce, "Auta, me ta ce?" In ce, "Ta yi tari, Baba," ko in ce, "Lafiyarta ƙalau"? Kai kana jikin inji ka ba mu baya, ka ɗauka wasa yake da 'yar autarsa. Ba wasa ba ne. Shekara goma sha ɗaya na ƙarshe Baba ba ya jin sandunansa. Duk wadda na ce ta yi tari, kwance ta yake yi ya sake. Biyar ɗin nan na jan katako da mutane suke yabo har yau, kowace sai da ta bi ta kunnena. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba, wai wa zai sayi sanda a hannun kurma. Na riƙe alkawarin har ya rasu, na ci gaba da riƙewa don kada in rage maka shi. Yau na saki, Allah ya yafe mini.

Da ka rubuto cewa nawa in raba takarda in karɓa, sai da na zauna a bakin tebur na yi kuka, don baƙin ciki. Ka aika tambaya goma sha bakwai ga Tela da Mai kemis, ni ko ɗaya ba ka yi mini ba, kuma na ce maka ina da magana.

Fasalinka wataƙila ya fi na Baba. A hannu daɗi gare ta, wallahi, ta fi sauran biyun. Amma kada ka sa tarin nan a katakon da ba shi da na biyu.

Ka yi fushi in kana so, amma ka jira.

Ƙanwarka, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na san kin ga shiru kwana tara, ban san ta inda zan fara ba ne.

Takardarki ta same ni ranar Laraba da yamma. Na karanta, na cusa a aljihu, na ce wa matata ƙanwata ta fara koya mini aikina. Ranar Alhamis da safe na sauko da katakon, na ɗaure shi a inji, na ja layi da fensir, na kunna. Na sa ƙarfe, har ya ɗebi kamar faɗin farce a gefe.

Sai ga matata ta shigo da shayi. Ta ajiye, ta toshe kunnuwanta da yatsu biyu, ta juya za ta fita. Na sha ganin tana haka, ban taɓa tambaya ba. Ranar dai, saboda takardar da ke aljihuna, na riƙo hannunta na ce mene ne. Ta zo saitin fuskata ta ce, "Injin nan wata biyar yana ihu kamar ana yanka shi. Mai shagon gefe ya yi magana, ni na gaya maka sau uku, kullum sai ka gyaɗa kai ka ce to."

Na ɗora tafin hannuna a kan injin. Yana rawa, Auta. 'Yar rawa ce ƙarama, amma tana nan, kuma da kunnena yana aiki da tun watan farko na kashe shi. Na kashe. Na zauna a benci har shayin ya huce.

Bakanike ya zo ya buɗe, boris ɗin da injin yake juyawa a kai ya cinye. Duk ramin da na huda na mahaɗi a watannin nan ya fi ƙa'ida faɗi da kamar kaurin gashi. Ido ba ya gani, sikeli ba ya nunawa, amma ya isa sanda ta yi tarin da kika ce. Wato sati biyar ina tambayar mutane ra'ayinsu a kan sanduna uku marasa lafiya, na kore miki jama'a, na kunyata tsoho, ina zagin Direba a zuciyata. Abin da ƙarfen ya ɗeba a jan katakon wurin da dama zai fita ne. Da ta makara da shayin nan minti biyar, da na shiga jikinsa.

Batun Baba kuwa, na kwana uku ina jin haushinsa, ina jin naki. Daga baya na tuna yadda yake juyowa gaba ɗaya ya zuba miki ido idan kina magana, na ɗauka so ne kawai. Ashe bakinki yake kallo. Ina tsaye taku huɗu daga wurin shekara goma sha ɗaya, ban gani ba.

An sa sabon boris. Na sake yin mai ɗigo uku da katakon banza, tana nan a rataye. Na buga da ita jiya, ban san me ta ce ba. Jan katakon na mayar da shi sama.

'Yar kujerar tana nan ƙarƙashin taga, gwangwanayen fenti na ɗora a kai. Na sauke su, na goge ta. Ban iya ba da haƙuri a takarda ba, kin san ni. Kuma in kin ƙi zuwa ba zan ga laifinki ba.

Ki gaida yara, ki gaida Janar in ya dawo.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Janar ya dawo, riƙe da sandarsa mai ɗigo biyu, yana cewa duk garin nan babu irinta. Ban gaya masa tana tari ba.

Zan taho ranar Asabar da Direba, da kwanon matarka. Kada ka taɓa katakon sai na iso. Kujerar nan ta yi mini kaɗan yanzu, ka nemo babba. In sabuwar ta yi tari zan faɗa, ko da za ka sake ta sau goma, kuma ba zan cike takarda ba. Idan na yi magana ka juyo ka dube ni.

Sai na zo. Allah ya kai mu.

Auta